Tambaya da Amsa: Tsakanin Yakuwa da Koren Abin da ke Gindin Randa

TAMBAYA

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Malam. Ni malama ce mai koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare ta 'yan mata a Daura. A darasin rabe-raben tsirrai ana so ɗaliba ta iya kwatanta tsiro mai fure da wani ɗan tsiro marar fure da littattafanmu ke kira Marchantia. A ɓangaren mai fure na zaɓi yakuwa, domin babu yarinyar da ba ta san ta ba. Shi kuwa ɗayan a zane kaɗai suka taɓa ganinsa, kuma da na siffanta musu shi sai wata ta ce ai gansakuka ce irin ta gindin randa, ajin kuma ya goyi bayanta. Wata ta ce wataƙila tsiro ne da bai gama girma ba. Wata kuma, da ta ji cewa sunansa yana da alaƙa da hanta, ta tambaya ko yana maganin ciwon hanta. Ina roƙon ka fayyace mana bambancin da Hausa, ka kuma gaya mana ko za mu iya samunsa a ƙasarmu.

Daga wata malama, Daura

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya saka miki da alheri bisa wannan ƙoƙari, ya kuma yi wa ɗaliban naki albarka, domin tambayoyinsu sun nuna cewa suna tunani a kan abin da ake koya musu.

Zan fara da wadda ta ce gansakuka ce, kuma ina roƙon kada a tsawata mata, saboda a ma'aunin Hausa ba ta yi kuskure ba. Bahaushe ya haɗa duk wani koren abu da ke manne wa danshi a suna guda, ko a gindin randa yake, ko a bakin rijiya, ko a jikin katangar da indararo ke zuba a kanta. Masana tsirrai ne suka raba abin da muka haɗa. Mafi yawan abin da ke jikin randa santsi ne kawai ko zare-zare masu yauƙi, ba shi da sama ba shi da ƙasa, kuma idan an shafa shi da yatsa sai ya biyo yatsan kamar miyar kuka. Marchantia kuwa yana da jiki tsayayye wanda za a iya ɗagawa da bakin wuƙa, shimfiɗaɗɗe kamar ɗan ganyen da aka manna a ƙasa, faɗinsa bai cika wuce santimita 1 ba ko ɗan fiye, yana tafiya yana rabuwa biyu-biyu, samansa kore ne, ƙasansa kuma yana da gashi-gashi da ke riƙe shi da ƙasa. Abin da ya fi haka muhimmanci shi ne, bayan ƙwayar namiji ta haɗu da ta mace, yana riƙe ɗan tayinsa a cikin jikin uwa yana ciyar da shi, kuma wannan siffa ce ta haɗa shi aji guda da yakuwa da gero da kuka, ta raba shi da gansakukar ruwa. Saboda haka, duk da kamar da ido ke gani, dangantakarsa da yakuwa ta fi kusa a kan dangantakarsa da santsin randa. Kama da wane ba ta wane.

Mutanen Turai na dā sun ga siffarsa ta yi musu kama da ɓangarorin hanta, sai suka raɗa masa suna daga nan, kuma tsohon sunan ajinsa a wurin masana, Hepaticae, daga kalmar hanta ta Girkanci ya fito. Don sauƙin magana zan riƙa kiran dangin duka da tsiron hanta. Nau'insu ya haura 7,000 a duniya, alhali tsirrai masu fure sun kai kimanin 300,000. Wanda ke cikin littafinku cikakken sunansa Marchantia polymorpha, yakuwa kuma Hibiscus sabdariffa, kuma masanin nan ɗan ƙasar Siwidin, Karl Linniyos, shi ne ya tabbatar da sunayen biyu a shekarar 1753.

Idan da za a ce in taƙaita wa ɗalibanki bambancin a kalma guda, da ruwa zan ce. Kusan duk abin da ya raba waɗannan tsirrai biyu yana komawa ne ga yadda kowannensu ke samun ruwa, da yadda yake riƙe shi, da kuma ko yana bukatarsa kafin ya haihu.

Mu ɗauki yakuwa, wadda wasu ke kira sure. 'Yar dangi guda ce da rama da kuɓewa da auduga, har ma da kuka da goro a rabon da masana ke bi yanzu, kuma duk wanda ya ajiye furen yakuwa kusa da na kuɓewa zai ga zumuncin da idonsa. Tana da saiwa ta gaske wadda ke nutsawa cikin ƙasa tana neman lema, kuma daga saiwar har zuwa ƙarshen ganye akwai siraran bututu iri biyu. Iri na farko yana ɗaukar ruwa da gishirin ƙasa daga saiwa zuwa sama, bangonsa kuma yana da wani sinadari mai tauri da ake kira liginin, wanda shi ne ke sa kara ya tsaya da ƙafarsa har ya kai mita 2 a ƙasa mai kyau. Iri na biyu yana rarraba abincin da ganye ya haɗa da hasken rana zuwa sauran jiki, kuma yana can wajen ɓawo. Wannan ba baƙon abu ba ne ga 'yan Daura, domin zaren da ake ɓarewa daga ɓawon rama a tufka igiya daga wannan sashe na biyu yake fitowa. Ganyen yakuwa yana da wani siririn lulluɓi mai kama da kakin zuma da ke hana ruwa tsiyayewa, yana kuma da dubban 'yan ƙofofi waɗanda ke buɗewa don shaƙar iska, su rufe idan rana ta tsananta ko ƙasa ta bushe. Da wannan tsari ne yakuwa ke jure 'yan kwanakin da ruwa ke ɗaukewa a tsakiyar damina, har ta ci gaba da rayuwa bayan ruwan ya janye, a tudun da samansa ya riga ya zama rairayi.

Marchantia ba shi da ko ɗaya daga cikin manyan kayan aikin nan. Gashin da ke ƙasansa ba saiwa ba ne, domin kowane zare ƙwayar halitta ɗaya ce tak da ta yi tsawo, wato ɗaya daga cikin 'yan ƙananan tubalan da jikin duk mai rai ya ginu da su, kuma aikinta bai wuce riƙe tsiron da jan lema daga fatar ƙasa ba. Ba shi da bututu masu liginin, shi ya sa ba ya iya miƙewa, kuma ruwa a jikinsa yana ratsawa ne daga ƙwaya zuwa ƙwaya, kamar yadda yake bin tsumma idan an tsoma gefensa a kwano. A samansa akwai 'yan ramukan iska da gilashin ƙara girma ke nunawa, kowanne a tsakiyar wani ɗan fili mai kama da zanen tabarma, amma ba su da ikon rufewa irin na ƙofofin ganyen yakuwa. Saboda haka dole ya zauna inda danshi yake, a gefen ƙorama ko a inuwar dutse ko a kan ƙasar tukwanen da ake renon tsirrai. Kwanciyarsa a ƙasa ba lalaci ba ne, ita ce hanyar da ke sa kowane sashe na jikinsa ya kasance kusa da ruwa.

Bambancin ya fi fitowa fili a wajen haihuwa, kuma a nan nake so ki ɗan daɗe da ɗalibai. Yakuwa tana daga cikin tsirran da ke jiran yini ya fara gajarta kafin su yi fure, shi ya sa ko da an shuka ta da ruwan farko ba a cika ganin furenta ba sai wajen ƙarshen damina, a watan Satumba zuwa Oktoba. Furen fari-fari ne mai ɗan rawaya, da jan ido a tsakiya, kuma yini guda yake yi ya yanƙwane. A cikin furen guda akwai sashen namiji da na mace. Sashen namiji yana fitar da ƙurar fure, wadda busasshiya ce, kuma idan ta sauka a kan sashen mace, ko daga furen kansa ko ta ƙafar ƙwaro, sai ta tsirar da wani siririn bututu da ke ratsawa ciki har ya kai ƙwayar namiji ga ƙwai. Daga farko har ƙarshe babu inda ake bukatar ɗigon ruwan sama. Bayan ganyen furen ya zube, kwanson da ke riƙe da shi sai ya kumbura ya yi ja ya yi nama, kuma shi ne soɓorodon da ake shanyawa a yi zoɓo, wanda 'yan kasuwa ke tarawa daga gonakin Jigawa da Katsina da Kano har a kai shi Meksiko. Yana da kyau ɗalibai su gane cewa abin da suke sha ba ganyen fure ba ne kuma ba 'ya'ya ba ne. 'Ya'yan suna cikin kwanson, ƙunshe da iri, wato gurguzu, wanda ake yin daddawar batso da shi. Kowace ƙwayar gurguzu ɗan tayi ne da guzurinsa da rigarsa mai tauri, shi ya sa ake iya ɗaure shi a tsumma a rataye har wata damina.

Marchantia ba ya fure, ba ya 'ya'ya, ba ya iri. Namiji daban yake, mace daban, kamar yadda muka sani a dabino. Idan lokaci ya yi, namijin yana fitar da wani ɗan sanda mai faifai a kai, macen kuma tana fitar da nata sandan mai kama da laimar da ta rage ƙarafunanta kawai, yatsun kan kai tara. Ƙwayoyin namiji suna da wutsiya biyu, kuma iyo suke yi. Sai ruwan sama ya taru a kan faifan, ɗigo ya faɗo ya fantsama su, sannan su bi lemar da ke kwance har su isa ga ƙwan da ke jikin macen. In babu wannan ruwa babu haihuwa, ko da namiji da mace suna jingine da juna. Abin da ke fitowa bayan haɗuwar ɗan ƙaramin ƙunshi ne da ke rataye a ƙarƙashin laimar, yana ci daga jikin uwa, kuma idan ya nuna sai ya fashe ya saki wata ƙura mai laushi da masana ke kira sifo. A cikin ƙunshin akwai wasu zaruruwa da ke murɗewa idan iska ta bushe, su taimaka wajen watsa ƙurar. Ƙwayar sifo ba iri ba ce, domin ƙwayar halitta ɗaya ce, ba ta da ɗan tayi a ciki, kuma sai ta faɗa a danshi take tsirowa ta zama sabon namiji ko sabuwar mace.

Akwai wani sirri a ƙarƙashin wannan wanda, a ganina, shi ne mafi ban sha'awa a darasin duka, kuma shi ne ɗalibai suka fi faɗuwa a kansa a jarrabawa. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai ƙunshe-ƙunshen gado da ake kira kuromosom. Ɗan Adam yana da 46 a ƙwayoyin jikinsa, rabi daga uwa rabi daga uba, ƙwayoyin haihuwarsa kuma suna ɗauke da 23. Yakuwar da muke gani a gona tana da 72, ƙurar furenta tana da 36. Shi kuwa koren jikin Marchantia da muke gani yana da 9 ne kawai, wato rabin adadi, cikakken adadin na 18 kuma yana cikin ɗan ƙunshin nan da ke rataye a ƙarƙashin laima. Ma'anar wannan ita ce kowane tsiro na tudu yana rayuwa ne a zango biyu da ke karɓar juna, zangon rabin adadi da zangon cikakken adadi, abin da wani masani Bajamushe, Wilhelm Hofmaista, ya bayyana a shekarar 1851. A tsiron hanta zangon rabin adadi ne babba mai cin gashin kansa, ɗayan kuma ɗan goyo ne. A yakuwa abin ya juye: zangon cikakken adadi ne ya zama dogon tsiro mai saiwa da ganye, zangon rabin adadi kuma ya ƙanƙance har ya koma ƙwayar ƙurar fure a ɓangaren namiji, da wata 'yar jaka mai ƙwayoyi bakwai da ke ɓoye cikin fure a ɓangaren mace. Saboda haka idan ɗaliba ta ɗora koren Marchantia kusa da ganyen yakuwa ta ce wannan ne takwaran wannan, ta haɗa abin da ba sa'a ba. Takwaransa na gaskiya shi ne ƙurar da ke manne wa yatsa idan an taɓa tsakiyar fure.

Marchantia yana da wata dabarar yaɗuwa ta biyu wadda ba ta bukatar namiji da mace. A saman jikinsa akan ga 'yan ƙoƙuna ƙanana, a cikinsu akwai wasu korayen ƙwayoyi masu faɗi, kuma ɗigon ruwan sama guda yana iya cilla su kusan mita 1, kowace ta tsiro ta zama kwafin uwarta. Ki kwatanta musu da dashen rogo ko rake, za su gane nan take. A nan ma ruwan sama ne ɗan aike.

Wannan ya kawo mu ga wadda ta ce tsiro ne da bai gama girma ba. Ya gama, kuma ko shekara nawa zai yi ba zai zama wani abu dabam ba. Masu binciken duwatsu sun samu ƙurar tsirrai masu kama da ta danginsa a duwatsun da suka ƙiyasta shekarunsu da kimanin miliyan 470, alhali ƙurar fure mafi daɗewa da aka amince da ita ba ta wuce kimanin shekara miliyan 135 ba. Ba na son a koya wa yara cewa ƙaramin tsiro naƙasasshe ne, babba kuma cikakke. Marchantia yana daga cikin tsirran da ke fara rufe ƙasa mai danshi bayan gobarar daji, yana riƙe ta kafin manya su dawo, kuma sauƙin jikinsa ya sa ɗakunan bincike suka ɗauke shi abin gwaji, har aka wallafa cikakken tsarin gadonsa a shekarar 2017. A jikin wani tsiron hanta ne ma aka fara gano kuromosom ɗin da ke raba namiji da mace a tsirrai, a shekarar 1917. Haka kuma ƙanƙanta ko zama cikin ruwa ba su ne ma'auni ba. Kainuwa, dashen Allah, a kan ruwa take yawo, amma tsiro ce mai fure, 'yar dangin gwaza, sai dai furen ƙarami ne da ke ɓoye a tsakiyar ganye.

Maganar ciwon hanta kuwa gajeriya ce, amma ina so a faɗe ta da ƙarfi. Sunan ya samo asali ne daga wani tsohon zato na Turawan dā cewa tsiron da ya yi kama da wata gaɓa shi ne maganinta, kuma likitancin zamani bai karɓi wannan zato ba. Ciwon hantar da ya fi damun mutanenmu ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ana gano shi da gwajin jini, kuma nau'in B yana da allurar rigakafi. Ki gaya wa yarinyar cewa idan akwai mai wannan ciwo a gidansu asibiti ya kamata a kai shi, kada sunan tsiro ya ja kowa ga jiƙa abin da aka kankaro daga bakin magudana.

Saura batun samun tsiron a ƙasarmu. Ƙasar Daura da Katsina, inda damina ba ta cika wuce wata huɗu ba sannan hunturu da bazara su biyo baya da bushewa, ba mazaunin da Marchantia ke so ba ne, kuma ba na ba ki shawarar ɓata lokaci wajen nemansa a bakin rijiyar Kusugu. Wanda ya kamata ki nema ɗan'uwansa ne mai suna Riccia, jinsin da ke da nau'i fiye da 150 kuma ya saba da busassun ƙasashen Afirka. Shi ba ya fitar da laima ko ƙoƙo. Yana shimfiɗuwa ne a zagaye kamar 'yar tauraruwa mai faɗin kwabo, yana ɓoye ƙunshin ƙurarsa a cikin naman jikinsa, kuma ƙurar ba ta fita sai jikin ya ruɓe, sannan ta zauna cikin ƙasa tana jiran wata damina. Wasu nau'o'insa idan sun bushe sukan naɗe gefensu su yi baƙi kamar sun mutu, da ruwa ya taɓa su kuma sai su buɗe su koma kore. Lokacin nemansa shi ne marka, daga Agusta zuwa farkon Satumba, a kan laka mai laushi a gefen fadama ko kududdufin da ruwa ya fara janyewa, ko a inuwar katanga inda ƙafa ba ta yawan takawa. Sai an durƙusa ake ganinsa.

Idan Allah ya sa kin same shi, ki yanko shi tare da 'yar ƙasarsa a murfin gwangwani, ki yayyafa masa ruwa, ki rufe da farar leda ki ajiye a inuwa. Ki sa wata ɗaliba ta tumɓuko yakuwa guda da saiwarta, wata kuma ta kankaro santsin gindin randa, a jera su uku a kan tebur da gilashin ƙara girma. Tun da daddare ki tsoma karan wata yakuwar mai farin jiki a ruwan da aka zuba wa shuɗin tawada, da safe a yanka karan a gicciye a gaban aji, za su ga ɗige-ɗigen shuɗi a zagaye inda bututun ruwa suke. Sannan ki miƙa wa wadda ta ce gansakuka ce reza da gilashin, ki ce ta nemo irin waɗannan ɗige-ɗige a jikin sauran biyun.